Waiwaye: Yayana Karen Mota

A shekarar 1979 na yi wata ƙarya wadda har yau in ta faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina aji uku a makarantar kwana a lokacin. Wata Asabar da hantsi muna wanki a bakin famfo, sai ga wani ɗan aji ɗaya a guje, ya ce ana sallama da ni a bakin ƙofa. Na ɗauraye hannu na nufi can, abokaina biyu suka rufa mini baya, don a makarantar kwana baƙon mutum ɗaya na kowa ne. In ƙuli-ƙuli aka kawo ko garin kwaki, tare za a ci.

Tun daga nesa na shaida shi. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga gingimarinsu can a gefen titi, an lafta mata buhuna har sama, an ja tamfol an ɗaure. Shi kuma yana tsaye da singileti wadda baƙin mai ya rine, wando ya yage a gwiwa, ƙafa duk faso, silifas ɗinsa ɗaya an ɗinke shi da waya. Da ya hango ni sai ya washe baki, ya ce, "Malam ƙarami! Kai ne ka yi tsawo haka?" Na gaishe shi a tsaitsaye, ban ko rusuna ba. Ya miƙo mini ƙunshi: sukari, gwangwanin madara biyu, sabulu. Sannan ya sa hannu a aljihu yana laluben kuɗi.

Yana cikin ƙirga su ne ɗaya daga cikin abokaina ya raɗa mini, "Wane ne wannan?" Sai na juya harshe zuwa Turanci don kada Yaya ya gane, na ce wani yaron mota ne daga garinmu, Baba ne ya ba shi saƙo ya kawo mini. Yaya ya damƙa mini naira uku, ya ce in yi karatu da kyau, Inna tana gaishe ni. Direba ya danna hon. Kafin ya kai, motar ta riga ta fara gangarawa, ya bi ta da gudu ya kama bodi ya ɗare.

Akwatin ƙarfen da na zo makaranta da shi, shi ya saya. Takalmin da ke ƙafata a ranar, shi ya saya. Bai taɓa shiga aji ba. Daga makarantar allo sai tasha, tun yana ɗan shekara 15.

Abin dariyar, in har abin dariya ne, a wannan lokacin ni da abokaina muna ganin kanmu a matsayin masu kishin talaka. Akwai wani ɗan ɗakinmu da ya tashi a Legas, yana da rikoda, kuma duk daren Asabar muna kewaye da ita. Bob Marley muke ji, da Fela, da Sonny Okosun da waƙarsa a kan Soweto. Mun san an harbe 'yan makaranta a Soweto a 1976. Mun san sojoji sun ƙone gidan Fela a Legas a watan Fabrairun 1977. Muna iya raba dare muna muhawara a kan wariyar launin fata da zaluncin masu mulki, har jijiyar wuya ta tashi. Ba na raina waɗannan mawaƙa, Allah ya sani; su suka fara nuna mini cewa duniya ta wuce garinmu, kuma akwai masu taka wasu a cikinta. Sai dai talakan da muke wa kuka a lokacin yana can nesa, a bangon kaset, ba ya warin giris, ba ya zuwa bakin ƙofar makaranta ya kira ka a gaban abokanka. Shi kuwa Ɗan Maraya Jos, in muryarsa ta taso daga rediyon maigadi, sai mu taɓe baki mu ce kiɗan 'yan tasha.

Hutun ƙarshen shekara ya zo cikin damina. Kuɗin motata na riga na cinye su, don haka dole na jira gingimarin su Yaya, wadda za ta ɗauko kaya daga Jos zuwa Zariya. Gaba ya cika, sai aka ɗora ni a saman lodi tare da shi. Ranar na fara ganin aikinsa da idona.

In mota ta zo hawa ta fara nishi, shi zai dire tana tafiya, ya rungumi weji, wani guntun katako mai nauyin tsiya, yana bin tayar baya a guje. In ta mutu, ko birki ya ƙi, sai ya cusa wejin a ƙarƙashin taya kafin ta fara komawa da baya. In ya makara da ƙiftawar ido, shi ne farkon wanda za ta bi ta kai, sannan mu. In lagireto ya tafasa, shi zai ɗauki galan ya gangara rafi. A kowane shinge shi ne mai sauka ya sha zagi. Can da la'asar tayar baya ta yi faci, ga ruwa ana tsugawa kamar da bakin ƙwarya. Direba ya ɗaga gilashi ya zauna abinsa. Ni na shige ƙarƙashin tamfol. Yaya ya kwanta cikin taɓo ya kafa jak, ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle don noti ya kwance. Ya fi awa guda a haka. Da ya gama, sakayyar da ya samu daga maigidansa ita ce, "Kai dai akwai nawa."

Dare ya yi mana a wani ƙauye a bakin hanya inda manyan motoci ke yada zango. Muka zauna a teburin mai shayi. Yaran mota sun kai goma a wurin, kowa jiƙe, kowa na hura kofinsa. Rediyon mai shayi na rataye a jikin ƙusa, an kamo Kaduna. Sai kawai ga kuntigin Ɗan Maraya ya tashi, ga Waƙar Karen Mota.

Wurin ya kaure da sowa. Wani ya ce a ƙara murya. Wani ya miƙe da kofi a hannu yana takawa. Suna nuna juna da yatsa, wannan ya ce da kai ake, wancan ya ce a'a, da kai dai. Na waiga na dubi Yaya. Bai tashi ba, bai yi ihu ba. Ya dai ajiye burodinsa, ya ɗaga kai, yana murmushi, irin zaman da na taɓa ganin hakimin garinmu ya yi ranar sallah lokacin da makaɗa suka tsaya a gabansa.

Na ji wannan waƙa ya fi sau ɗari kafin wannan dare. Na san ta kamar yunwar cikina, har kwaikwayonta muke yi a makaranta don tsokana. Amma ban taɓa jin ta da taɓon da ake magana a kai yana bushewa a jikin ɗan'uwana a gefena ba. Abin da mawaƙin ke lissafawa na wahalar yaron mota, yanzun nan na gama kallon irinsa tun safe. Wani bawan Allah da bai haɗa komai da Yaya ba ya tsaya ya dube shi da kyau, ya ga aikinsa ya isa a yi masa waƙa, ya kai shi gidan rediyo duk Arewa na ji. Ni da muka sha nono ɗaya na ce wani yaron mota ne kawai daga garinmu. Shayin nan ban iya shanye shi ba.

Daga baya, da na girma na shiga bin tarihin mawaƙanmu, na gane abin da Ɗan Maraya ya yi ya fi yadda na zata a daren. Sunansa na yanka Adamu. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, ya rasu Adamu yana jariri, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan laƙabin ya samo asali. Ka ga ke nan ta gado da ta riƙo, hanyar da aka share masa ita ce ta fada. A wata tafiya da ya yi Maiduguri yana yaro ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa. Kuntigin kuwa me aka yi aka yi shi? Gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, aka sa masa ɗan sanda da tsirkiya ɗaya tal. Abin da yaro zai iya tsinta a bola ya harhaɗa. Ba ya bukatar 'yan amshi, ba ya bukatar jerin makaɗa a bayansa. Mutum ɗaya, murya ɗaya, sai gwangwani.

Kada a ce shi ya fara yi wa talaka waƙa a ƙasar Hausa. Wannan zai zama rashin adalci ga magabata. Tun tale-tale kowace sana'a da kiɗanta. Mahauta na da kalangu, manoma na da gangar noma, 'yan dambe sun samu Ɗan Anace, 'yan tauri da mafarauta sun samu irin su Kassu Zurmi, kamar yadda sarakuna suka samu Narambaɗa da Ɗanƙwairo. A wurin Bahaushe, wanda ke da take da kirari mutum ne da aka san da zamansa, ko da kuwa riga ɗaya gare shi. Matsalar ita ce zamani ya zo da sababbin sana'o'i waɗanda ba a gada ba, ba su da sarki, ba su da makaɗi. Kuma babu inda suka taru kamar Jos da Bukuru, garuruwan da haƙar kuza ta tara wa jama'a daga ko'ina: leburori, 'yan dako, masu gadi, yaran mota. Mutanen da suka baro garuruwansu da asalinsu, suka zo inda ba a tambayar ɗan wane ne kai, sai dai me za ka iya ɗauka. A cikinsu Ɗan Maraya ya tashi. Mamman Shata ya yi wa direbobi waƙa, kuma sun cancanta. Direba a wancan zamani babban mutum ne, yana da abin kyauta. Ɗan Maraya sai ya zagaya bayan motar.

A duba sunan ma kawai. Kare. Duk wanda ya san matsayin kare a wurin Bahaushe ya san ba a laƙaba wa ɗan Adam wannan suna don girmamawa ba. Mawaƙin bai sauya sunan ba, bai nemo wani mai daɗin ji ya lulluɓe shi da shi ba. Ya ɗauke shi yadda yake, da dauɗarsa, ya ɗora a kan kiɗa, har ya zama abin da masu shi ke miƙewa tsaye in an ambata. Kuma a tuna, a al'adar roƙo ana wasa wanda zai iya sa hannu a aljihu ne. Me karen mota zai ba mawaƙi? Ba na cewa Ɗan Maraya waliyyi ne. Shi ma ya yi wa manya da masu kuɗi waƙa, da abin da zai ci zai rayu. Amma waƙar da ta fara fito da shi, wadda har yau in an ambace shi ita ke fara zuwa baki, ta wanda ba shi da ko sisin ba shi ce.

Rabin wannan aiki kuwa rediyo ne ya yi shi. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, muryar mawaƙi ta daina tsayawa inda ƙafarsa ta tsaya. Ta shiga tasha, ta shiga gona, ta tsallaka har Nijar da Kamaru da zangon Hausawa a Gana. Mafi muhimmanci a wurina, ta tsallake zaure ta shiga cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga. A nan ne labarin Inna ya shigo.

Wajen 1982 Baba ya yi wa wani amininsa, ɗan kasuwar hatsi mai mata uku, alkawarin ƙanwata. Shekarunta 14. Yarinya ta yi kuka har ta gaji, ta daina cin abinci. Baba mutum ne mai karatu, ba mugu ba, kuma yana da hujjarsa ta malamai cewa uba na da ikon zaɓa wa 'yarsa budurwa miji. Kiɗa kuwa a wurinsa hululu ne, rediyo don labarai aka yi shi. Inna, irin matan da, ba ta taɓa musu da shi ba, ko sunansa ba ta faɗa. Amma tana da 'yar rediyonta da take ajiyewa a kan taga, kuma ta san lokacin da ake Zaɓi Sonka. Ranar da Allah ya sa aka sako waƙar Ɗan Maraya ta Auren Dole, Baba na tsakar gida yana alwala, sai na ga ta miƙa hannu ta murɗa rediyon har ƙarshe, ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba ita ba. Baba ya ce, "A kashe mana wannan abin." Ta ce, "To, Malam." Ta rage kaɗan. Daga baya har kaset ɗin ta sa aka aro mata daga maƙwabta.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce waƙa ce ta hana auren ba. Gwaggo ce ta hana, yayar Baba, wadda ta taso takanas daga ƙauye da sandarta. Amma ina laɓe a bayan ɗaki na ji abin da ta faɗa masa, kuma ga shi: "Malam, abin da mai kuntigi ya gane, kai da tulin littattafanka ba ka gane ba?" Baba bai ce uffan ba. Bayan sati biyu aka aika wa ɗan kasuwar hatsi da haƙuri. A layinmu kuma, a wannan shekarar, an ɗaura wa wata sa'ar ƙanwata irin wannan aure, da rediyo a gidansu da komai. Sau uku tana gudowa ana mayar da ita.

Abin da na fahimta daga wajen Inna shi ne, waƙar ta ba ta bakin da al'ada ta hana ta. Maganar da in ta fito daga bakinta za a ce rashin kunya, in ta fito daga rediyo ba mai laifi. Habaici ne da aka ara daga wani. Haka waƙarsa ta Jawabin Aure, mai jan kunnen ma'aurata a kan saurin rabuwa, da Gulma Wuya, wadda ta fallasa irin matan nan masu shiga gidaje suna kashe aure don su ƙulla wani su ci riba: duk maganganu ne da kowa ya san da su, ana yin su a ɗaki da murya ƙasa-ƙasa. Shi ya fito da su tsakar gida, ya sa musu dariya yadda za su haɗiyu. Wa'azi kan sa mutum ya gyara zama ya shirya kare kansa. Waƙa kuwa tana samun sa ne yana shan shayi.

To, amma kada daɗin labari ya kwashe ni. Tsirkiyar da ta yi wa karen mota kirari ita ce ta yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa a yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970. A nan gida an ji daɗinsu ƙwarai. Ban sani ba ko uwar da ke ɗaya ɓangaren za ta ce haka. Abin da ke iya tausasa zuciya yana iya zuga ta. Sannan ga Jos ɗin kanta, garin da ya ɗauki sunansa ya kai duniya. A watan Satumban 2001 ta kama da wuta, aka sake a 2008, aka kuma a 2010, yana raye, yana cikinta. Da yawa daga waɗanda suka ɗauki makami a kan maƙwabtansu, ta kowane ɓangare, da muryarsa aka yi musu reno. Ban ga kuntigi ya tare ko mutum ɗaya a bakin layi ba. Yaran mota kuma, bayan an gama sowa a teburin mai shayi, a ƙarƙashin mota suka kwana, kuma da asuba aka tashe su da zagi kamar kullum. Gwamnati ta ba Ɗan Maraya lambar girma, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya zama Dakta, ya cancanta. Ladan yaron mota bai ƙaru da kwabo ba saboda haka.

Don haka in wani ya ce mini waƙa na gyara al'umma, nakan ce a yi a hankali. Abin da na shaida da kaina ƙarami ne, ba ya shiga jarida. Na san yaro ɗaya da ya koma makaranta bayan wancan hutu, ya samu abokansa biyu ya ce musu, wanda ya zo rannan yayana ne. Ɗaya ya yi dariya, ɗayan ya yi shiru, can ya ce shi ma babansa ɗan dako ne a kasuwa, ba ɗan kasuwa ba kamar yadda ya faɗa mana tun muna aji ɗaya. Na san wannan yaron ya girma ya yi aikin ofis shekara talatin da wani abu, kuma duk kurakuransa, bai iya kiran masinja da "kai" ba tare da ya nemi sanin sunansa ba. Na san yarinyar da ta gama sakandare ta auri wanda take so. Iyakar abin da zan iya rantsuwa a kai ke nan. Sai dai in ka tuna gidaje nawa rediyon nan ya shiga, da teburan shayi nawa, za ka yi zaton ba ni kaɗai ba ne shayi ya gagara sha a wani dare.

Yanzu in na shiga adaidaita sahu ina jin abin da matasa ke saurare. Muryoyi masu daɗi, kayan kiɗa na zamani, situdiyo a kowane lungu. Waƙar soyayya ce, sai ta biki, sai ta ɗan takara in zaɓe ya ƙarato. Ba na cikin tsofaffin da ke cewa komai na da ya fi. A zamaninmu ma an yi waƙoƙin banza da yawa, mantawa da su kawai aka yi. Kuma akwai 'yan ƙalilan a cikin na yanzu da ke taɓo halin da ake ciki. Tambayata dai ita ce, sababbin sana'o'in da wannan zamani ya haifa, wa ya zagaya bayan motar ya dube su? Yaron da ke yawo da buhu yana tsintar jari-bola. Mai tura kurar ruwa. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye aikatau, tana kwana a kicin. Matashin da ke zaune cikin rana da na'urar cirar kuɗi tun safe har dare. Shi kansa mai adaidaitar da ke kunna waƙar, wanda sai ya haɗa balas ɗin mai keke kafin ya san ko gidansa za a ɗora tukunya. Duk suna nan ba take, ba kirari. 'Ya'yana mawaƙa, na san ɗan siyasa na ba da mota, waɗannan kuwa ba su da abin ba ku. Amma Ɗan Maraya da gwangwanin kifi ya yi tasa, ga shi har yau ana maganarta.

Yaya ya samu lasin a 1984. Ya yi tuƙi har sai da idonsa ya fara rauni, ya aurar da 'ya'ya, ya je Makka. Yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinsa har yau suna zuwa gaishe shi, kuma sun ce bai taɓa barin ɗayansu a cikin ruwa shi yana zaune a gaba ba.

Ranar Asabar, 20 ga watan Yuni 2015, cikin azumi, Ɗan Maraya ya rasu a Jos. Bayan an sha ruwa sai ga wayar Yaya. Ya ce, "Malam ƙarami, ka ji rashin da muka yi?" Kamar wanda aka yi wa mutuwa a gida. Washegari na tafi wurinsa, muka zauna a kan tabarma a ƙofar gida, muka yi wa mamacin addu'a. A nan ne, bayan shekara 36, na tattaro ƙarfin hali na ba shi labarin abin da na faɗa a bakin ƙofar makaranta, na ce ya yafe mini.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ni da na yi shekaru ina kwana a tashar Anaca da ta Legas, wane Turanci ne za ka ɓoye mini? Ai na ji ka sarai."

Na ce, "Yaya, ka ji, amma ba ka taɓa ce mini komai ba?"

Ya ce, "To me zan ce? Yaron mota ne ni, kuma daga garinku nake, nan ba ka yi ƙarya ba. Wuri ɗaya ka kuskure. Naira ukun nan ba Baba ne ya aiko ni da su ba. Ladana ne na wannan satin."